Tagar Motar Tsere Da Darasin Da Ke Cikinta Ga Motar Kasuwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya hore wa bayinSa ƙarfe da yashi, Ya sauƙaƙa wa matafiyi nisan hanya. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Amma bayan haka, ya ku 'yan'uwa malamai da fatake masu karanta wannan shafi, maganarmu ta yau a kan wani abu ce wanda kowa ke jingina da shi amma ba mai lura da shi, watau gilashin gefen mota. Kila wani ya ce, ina ruwan malamin allo da tagar mota? To, ga dalili.

Bara da kaka, wata ranar kasuwa, na shiga motar haya daga Dutsin-Ma zan tafi ta'aziyya Kurfi. Mota cike da mutane da buhunan hatsi. Mun yi nisa sai ta faɗa wani rami, ƙotar wata fartanya da aka cusa cikin kaya ta bugi gilashin baya na gefen dama. Gilashin nan bai marmashe ba, ya tsage ne dogo-dogo kamar wuƙaƙe, ɗaya ya sauka a hannun wani yaro da ke jingine, ya keta shi tun daga gwiwar hannu har kusa da wuyan hannu. Da gefen rawanina muka ɗaure hannun kafin a kai shi asibiti a ɗinke. Allah Ya yi da sauran kwanansa. Direba ya rantse bai san kome ba, ya ce gilashin asali ya fashe tun da daɗewa, wani ya sa masa wannan da araha. Ashe gilashin tagar ɗaki ne aka yanka aka liƙa wa mota.

Abin ya tsaya mini a rai. Sai na nufi garejin wani tsohon almajirina, wanda bayan ya sauke Alƙur'ani ya tafi Kaduna ya koyi gyaran jikin mota a hannun wani maigida da ya taɓa shirya motoci domin tsere. Na ba shi labari. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ai kama da wane ba ta wane. In Malam zai daure ya dawo jibi, akwai tagar da zan yi irin ta motocin tsere, gani ya kori ji." Abin da na ji daga gare shi, da abin da idona ya gani, shi ne zan shimfiɗa muku fasali-fasali.

Fasali na farko: rabe-raben gilashi

Ku sani, gilashi asalinsa yashi ne da ake narkawa tare da farar ƙasa da wani gishiri ɗan'uwan kanwa. Amma bayan narkawa hanyoyi sun rabu, ya kasu kashi uku.

Na farko shi ne gilashin gida, wanda ake sa wa tagogi da kabad. Shi ne mafi araha, kowa na iya yanka shi da ɗan alƙalamin yankan gilashi. Aibinsa, idan ya fashe yana zama takubba. Ba shi da mazauni a jikin mota ko kaɗan.

Na biyu shi ne gasasshen gilashi, wanda masu ƙera motoci ke sawa a gefe da baya. Bayan an yanke shi daidai da siffar taga, sai a gasa shi har zafi ya haura ma'auni 600, sa'an nan a hura masa iska mai sanyi farat ɗaya. Bayansa ya riga cikinsa sandarewa, sai ya zama a ɗaure, ƙarfinsa ya ninka na gida kamar sau huɗu ko biyar. In ya fashe, sai ya marmashe ƙanana-ƙanana kamar tsakin masara, ba ya yin mugun yanka. Ga wata fa'ida da ya kamata kowane mai mota ya riƙe: gasasshen gilashi ba ya yankuwa bayan an gasa shi, da an ja masa alƙalami sai ya tarwatse. Saboda haka duk wanda ya ce zai rage maka gasasshen gilashin wata mota ya dace da taka, ko bai san aikin ba, ko kuwa wani abu dabam zai sa maka.

Na uku shi ne mai ruɓi biyu, wanda ake sawa a gaba. Gilashi biyu ne aka manne da wata siririyar roba a tsakani, in ya fashe sai ya yi zane kamar saƙar gizo-gizo, amma ɓaraguzan ba su zuba. Wani Bafaranshe mai suna Edouard Benedictus ne ya yi rajistar wannan dabara a 1909. Irin wannan, in shimfiɗaɗɗe ne ba mai lanƙwasa ba, gwani yana iya yanka shi.

Bayan waɗannan akwai abu na huɗu, wanda ba gilashi ba ne, roba ce garau da ake gani ta cikinta. Ita ma iri biyu ce. Akwai akirilik, wadda aka fi sani da Perspex, ta fito tun kafin yaƙin duniya na biyu, aka yi ta sa ta a jiragen sama. Tana da haske, amma tana tsagewa in ta sha bugu. Akwai kuma folikabonet, wadda aka gano a 1953, Hermann Schnell a kamfanin Bayer na Jamus, da Daniel Fox a kamfanin General Electric na Amurka, kowa a nasa wuri. Ana sayar da ita da sunan Makrolon ko Lexan. Ita wannan ko da guduma ka buge ta sai dai ta loɓa, da wuya ta fashe. Da ita ake yin tagar motar tsere.

Fasali na biyu: dalilin masu tsere

Mu mutanen ƙasar Katsina ba baƙin tsere ba ne. Tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, da ɗansa Sarki Usman Nagogo bayansa, sunan Katsina ya tafi nesa a sha'anin dawaki. Kowa ya san dokin sukuwa ba a ɗora masa kayan hawan salla. Ana sauke masa duk wani nauyi, a nemo mahayi mara jiki. To, haka masu tseren mota ke yi wa motocinsu.

Ga lissafin, ya ku ma'abota awo. Gilashi mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya, kauri milimita 4, nauyinsa kilo 10 ne. Folikabonet mai wannan girma da wannan kauri bai cika kilo 5 ba. Watau rabi ke nan har da ɗan ragi. Kuma nauyin taga a saman mota yake, in an rage shi mota ta fi zama daram a kwana. Dalili na biyu ya fi na farko girma: motar tsere tana cikin tsakuwa da duwatsu, tana iya kifewa, ba a son kome ya tarwatse a fuskar direba, ba a kuma son hannunsa ya fita waje. Domin wannan ne a wasu tsere na Amurka ake ɗaura raga a tagar direba.

Kada ku ce wannan labarin wata duniya ne. Motar nan Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ta kuma kwashe shekaru tana jigilar mutanenmu, irinta ce ta ci babban tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975, wata 'yar'uwarta ta sake ci a 1978. Tseren da ake kira Faris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978, ya bi ta Agadas da Yamai a maƙwabciyarmu Nijar, kafin a mayar da shi Amurka ta Kudu a 2009, sa'an nan ƙasar Saudiyya a 2020. A nan gida ma, bikin kamun kifi na Argungu ya sha haɗawa da tseren motoci. Daga irin waɗannan wurare ne dabarar ta gangaro har ta iso hannun masu gareji.

Fasali na uku: yadda na ga an yi ta

Motar da na tarar Fijo ce doguwa, ta wani Alhaji mai fataucin hatsi daga Kurfi. Ƙaramar tagar can baya, wadda ba a zugewa, ita ce ta fashe. Ya aika Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, ba a dace da irinta ba, zama motar ta tsufa, kayanta sun yi wuya. Sai yaron nawa ya ba shi shawarar a yi mata ta folikabonet, ya gaya masa amfaninta da aibinta, Alhaji ya yarda.

Abu na farko, bai taɓa robar ba sam. Ya tsabtace bakin taga, ya kankare tsatsa, ya daidaita inda ƙarfe ya loɓa. Sa'an nan ya ɗauko kwali ya kara a jikin taga, yaronsa ya riƙe daga waje, shi kuma ya shiga ciki ya zana iyakarta. Ya yanke kwali, ya gwada, ya rage, ya sake gwadawa. Na ƙirga, sau biyar ya kai kwalin nan jikin mota. Na ce, "Ɗana, wannan gwaji bai yi yawa ba?" Ya ce, "Malam, kwali kyauta ne, roba kuwa kuɗi ce. Kuma ko da ta ɗaya gefen tana nan lafiya, ba na dogara da ita kaɗai, domin motar da ta sha hanya hagunta da damanta ba su zama ɗaya." Sai na tuna yadda muke hana almajiri ɗora tawada a takarda sai ya gama jan layi.

Da kwali ya zauna daidai, ya ɗora shi a kan robar, mai kaurin milimita 4. Masu tsere sukan yi amfani da tsakanin milimita 3 zuwa 5. Robar tana zuwa da wata leda a manne gaba da baya, bai ɓare ta ba, a kanta ya yi zane, domin ita ke tsare fuskar daga ƙarzuwa. Ya yanka da zarto mai ƙananan haƙora, a hankali, an danne robar a kan katako kada ta yi rawa. Ya bar ɗan ƙari a bayan layi, sa'an nan ya bi da magagari da takardar goge katako har bakin ya yi sumul. Ya ce duk inda aka bar tsini ko ɗan tsagi a baki, daga nan tsagewa ke farawa, saboda haka kusurwoyi ma sai da ya kewaye su.

Sai maganar huji, kuma a nan ne na ga ilimin da ban zata ba. Ya huda ramukan ƙusa a kewaye, tsakanin kowane biyu kamar inci 5, bai matso da su bakin roba ba. Kowane rami kuwa ya fi ƙusarsa faɗi. Na ce, "Wannan ba kuskure ba ne?" Ya yi murmushi ya ce, "Allah gafarta Malam, robar nan tana numfashi." Ma'anarsa, zafi yana buɗa ta, sanyi yana tsuke ta, fiye da yadda ƙarfe ke yi kamar sau biyar. Roba mai tsawon mita ɗaya, in zafi ya ƙaru da ma'auni 30, tana ƙaruwa da kusan milimita 2. Ku dubi tsakanin asubahin hunturu da azahar ɗin bazara a ƙasarmu, mota tana tsaye a rana a bakin kasuwa. In rami ya matse ƙusa, roba ba ta da wurin motsi, sai ta kumbura ko ta tsage daga ramin.

Daga nan ya shimfiɗa siririyar roba mai taushi a bakin ƙarfe domin ta tare ruwa da ƙura. Ya kara tagar, ya fara ɗaure ƙusar tsakiya, yana bi hagu da dama, kowace ƙusa da 'yar robarta a ƙarƙashin kai. Bai ƙulle su tamau ba, da ƙusa ta kama sai ya tsaya. Jikin mota yana da ɗan lanƙwasa, robar kuwa ta bi shi da kanta ba tare da wuta ba. Ya ce in lanƙwasar mai zurfi ce sai an gasa roba a kan ma'auni, domin tana fara laushi wajen zafi 150, kuma in ba a busar da ita tukuna ba sai ta yi ƙuraje a ciki. Wannan aikin masu tanda ne, ba a yin sa da wutar walda. A ƙarshe ya ɓare ledar, ya kwara ruwa a buta daga waje, ni ina ciki ina dubawa. Ko ɗigo bai shigo ba.

Ya ƙara nuna mini cewa a motar tsere tagar ƙofa ma haka ake kafe ta, a cire injin zuge gilashi duka domin rage nauyi. Sai a yanke 'yar ƙaramar kafa a tsakiya, a sa mata murfi mai zamewa, ta nan iska ke shiga, ta nan kuma ake miƙa takardar lokaci ga alƙalan tsere.

Fasali na huɗu: tanbihi

Kada wani ya karanta wannan ya tafi ya ce malam ya ce a cire gilashi a sa roba. Ban ce ba. Kowane abu da mazauninsa, kuma robar nan tana da aibi huɗu.

Na ɗaya, tana ƙarzuwa da sauƙi. In ƙurar hunturu ta kwanta mata ka goge da busasshen tsumma, ka zane ta ke nan. Sai dai a kwara ruwa, a wanke da sabulu mara ƙarfi da tattausan ƙyalle. Na biyu, fetur da ruwan tsinka fenti suna cin ta, su sa ta tsattsage. Na uku, rana tana mayar da ita rawaya ta dushe, sai fa irin wadda aka shafa wa maganin rana tun daga masana'anta. Domin waɗannan uku, ba ta dace da gilashin gaban motar haya ba, ba ta kuma dace da tagar da ake zugewa sama da ƙasa ba.

Na huɗu shi ne mafi hatsari, kuma shi ne ainihin falalarta ta juye ta zama aibi: ba ta fashewa. In mota ta kife, ko ta kama wuta, ko ta faɗa ruwa da damina, ƙofofi suka ƙi buɗuwa, gasasshen gilashi ana fasa shi da tsinin ƙarfe a fitar da mutane. Roba kuwa sai ta zama kurkuku. Mai tsere ya san da haka, shi ya sa ake shirya tagarsa yadda za a iya ɓalle ta da sauri, ga shi su ɗaya ne ko biyu a mota, ga masu ceto a tsaye suna jira. Motar kasuwa fa, mai ɗauke da tsofaffi da mata da goyo, a dajin da ba kowa? Saboda haka yaron nawa ya ce taga ɗaya ƙarama wadda ba a buɗewa yana yi, amma ko nawa za a ba shi ba ya kafe motar haya duka da roba. Ya kuma ƙi sa baƙa, domin tun 1991 akwai dokar ƙasa da ta hana gilashi mai duhu sai da izni.

Haka nan ina jan kunnen samarinmu masu wasa da mota a bikin aure da kan titin gari. Wannan ba tsere ba ne, ganganci ne. Masu tsere na gaskiya suna da fili, da alƙalai, da hular kwano, da ƙarafan da ke tsare rufin mota, ba su kuma yi a tsakiyar yara.

Fasali na biyar: hukunci da nasiha

Malamai sun sani, a babin ciniki na Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani an hana algus da yaudara da ɓoye aibin kaya. A mazhabarmu ta Imamu Malik kuma, mai sana'a yana lamunin abin da aka damƙa masa ya yi aiki a kai a bayan idon mai shi. To, wanda aka kawo wa mota ya sa mata gilashin ɗaki, ya karɓi kuɗi, bai faɗa ba, ya haɗa algus da cin amana. Kuma algus ɗinsa ya fi na mai zuba tsakuwa a gero muni, domin wancan haƙori yake karyawa, wannan kuwa jijiya yake yankewa. Mai motar da ya sani ya yarda saboda araha, shi ma ba shi da hanzari, zama ba ransa kaɗai ya saya da arahar ba, har da na mutanen da suka biya shi ya kai su gida lafiya.

Ga abin da nake roƙon kowane mai mota, da shugabannin tasha a Dutsin-Ma da Kurfi da kewaye. In taga ta fashe, a fara neman gasasshen gilashi na irin motar, ko da kwance ne. In ba a samu ba, taga kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, a nemi gwani ya yanka mai ruɓi biyu. In wannan ma ya faskara, ƙaramar taga ce da ba a buɗewa, to a sa folikabonet yadda na bayyana. Gilashin ɗaki kuwa, gara a ɗaure taga da tamfal a yi tafiya da a sa shi.

Gane shi ba wuya. Gilashin mota na gaskiya yana da ɗan hatimi a kusurwa, an rubuta sunan masana'anta da lambobi, sau da yawa har da wata 'yar da'ira mai harafi da lamba a ciki. Ko ba ka karanta boko kana iya ganin akwai hatimi ko babu. Bakinsa kuma a goge yake sumul, na ɗaki kuwa bakinsa da kaifi. Ku da ba ku sayen buhu sai kun soka kun ga ƙwaya, ba ku karɓar zane sai kun kama kun ƙirga, don me za ku karɓi taga ido rufe? Kai kuma fasinja, kafin ka zaunar da ɗanka a gefe, duba kusurwar gilashin. In ba ka ga kome ba, tambayi direba, tambaya ba rashin kunya ba ce.

Abin da ya kamata mu ɗauka daga masu tsere ba gudu ba ne. Awonsu za mu ɗauka, da sanin halin kowane abu kafin a sa shi, da ƙin yarda a jingina rai da abin da ba a gwada ba. Yaron da aka ɗinke wa hannu na gan shi kwanan baya a Kurfi, yana riƙe da allonsa, tabon yana nan. Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya tsare matafiyanmu a tafiya da komowa, Ya sa albarka a hannun masu sana'a na gari, Ya shiryi masu algus. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne. Wallahu a'alamu.

Haza wasalam.